Fotokofi Uku, Gaba da Baya

"Wa ya taɓa ganin bayan katin nan, Madam?"

Abdurazak, matashin ma'aikacin bankin, ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajen Raƙiya don ta gani da idonta. Ta gyara tabarau ta duƙo. Sunayen shaguna ne a jere, waɗanda ba ta taɓa ko jin labarinsu ba. A nan an sayi takalma, a can waya, a can turare. Cikin kwana huɗu aka yi wa katin tas.

"Katin yana jakata," in ji ta. "Bai taɓa kwana a waje ba. Lambar sirrin kuwa ko mijina bai san ta ba."

"Mai sayayya a intanet ba ruwansa da lambar sirri. Doguwar lambar gaba, ranar da katin zai ƙare, da 'yan lambobi ukun nan na baya, shi ke nan. Wasu shagunan ba sa tambayar komai bayan wannan. Mun yi ta aika miki saƙo duk lokacin da aka cira."

Saƙonnin suna can cikin tsohon layinta, wanda ke kwance a aljihun tebur tun bara. Ba ta gaya masa haka ba.

Wata shida ta yi tana matse bakin aljihu tana zubawa a asusunta na banki saboda abu guda: na'urar ji ta mahaifinta. Malam Attahiru na can garinsu Takanamat, kunnensa ya toshe shekara biyu ke nan. Ba ya jin kiran salla, sai ya ga mutane sun miƙe sannan shi ma ya laluba butarsa. Likita a Yamai ya rubuta irin na'urar da za ta yi masa, ta neme ta a intanet ta samu, ta kuma riga ta aika gida cewa kafin azumi Baba zai ji muryar jikokinsa. Jiya ta danna wurin biya har sau uku, sau uku ana ce mata babu.

"Ki yi tunani," in ji Abdurazak. "Ko kin taɓa ɗaukar hotonsa a waya? Ko kin karanta wa wani lambobin?"

Nan take fuskar Sadisu mai fotokofi ta tsaya mata a ido.

Shekara goma sha tara Raƙiya ta yi tana sakatariya a ofishin sufeton makarantun firamare a Tawa, kuma abu ɗaya aikin ya dasa mata a jini: takardar da ba ta da kofi marainiya ce. Takardar aurenta tana da kofi. Katin rigakafin 'ya'yanta yana da kofi. Da aka sace mata katin ɗan ƙasa a kasuwa, kofin ne ya fid da ita, kuma har yau ba ta gaji da ba da labarin ba. Don haka ranar da banki ya miƙa mata sabon kati, wata biyu da suka wuce, ko zama ba ta yi ba ta tsallaka titi zuwa shagon fotokofin Sadisu, ta ce a yi mata gaba da baya a shafi ɗaya, yadda ake yi wa kowane kati na mutunci.

Ta tuna yadda ya riƙe shi, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Har cewa ya yi irin wannan ba a yi masa fotokofi, ta ce ya yi aikinsa ya bar mata nata. Na farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ya karkace. Na uku ne ya yi mata. Ashe wannan dogon kallon hadda ce yake yi!

"Na toshe katin," in ji Abdurazak, yana miƙo mata takarda. "Ki cika wannan, ki kai ƙara komisariya, wajen 'yan sanda. Binciken yakan ɗauki watanni, kuma ba zan yi miki alkawarin komai ba. Amma don Allah kada ki kama sunan kowa tukuna."

Ta karɓa ta miƙe. Suna kam an riga an kama.

A bayan ɗan kabu-kabu, rana na dukan tsakiyar kanta, ba na'urar Baba take tunani ba. Ta san wannan ta tafi. Abin da ke cin ta shi ne wanda ya yi. Sadisu ɗan garin Affala ne, shekara bakwai ya yi a Abijan yana tura kurar ruwa, ya dawo da tsohuwar injin fotokofi da tari a ƙirji. Lokacin da ya buɗe shagon, ƙuda ma ba ya shiga. Ita ce ta fara cewa da duk malamin da ya kawo dosiye, wato kundin takardunsa, "Tsallaka wajen Sadisu." Da bakinta ya yi aure, da bakinta ya yi wa uwarsa ɗaki na kwano. To bakin da ya buɗe shagon nan bai mutu ba. Kafin ladan ya kira magariba, in ji ta a ranta, sai an rufe shi. Komisariya ta jira gobe.

A ƙofar ofis Inna Huseina, tsohuwa mai ƙosai, tana kwashe kayan safe.

"Ɗiyata, ina kwana? Takardun da kinka ba ni sun kusa ƙarewa hwa."

"Ƙarshen wata, Inna," in ji Raƙiya, ba ta ko tsaya ba.

Al'adarta ce. Duk ƙarshen wata takan tattara takardun da suka lalace a teburinta da waɗanda suka cika mata jaka, ta ba tsohuwar ta ƙunsa ƙosai. Sadakarta ke nan, kuma tana son a san tana yi.

Ta shiga, ta rufe ƙofa, ta ɗaga labulen taga. Ga shagon can tsallaken titi. Lokacin haɗa dosiyen jarrabawar ɗaukar malamai ne, layi ya fito har bakin kwalta, kowa da takardunsa yana fifita da su. Sadisu na ciki yana ɗaga murfin injin yana saukewa, har da 'yar waƙa a bakinsa. Waƙar nan ce ta ƙarasa ta.

Ta ɗauko salula ta danna wurin saƙon murya. A ofis Faransanci take yi da Hausar boko, amma in ranta ya ɓaci Hausar Adar ce ke fitowa tsantsa.

"Salamu alaikum jama'a. Ni ta, Raƙiya Attahiru ta ofishin sufeto. Ku da kunka san ni kun san ba ni magana banza. Sadisu mai hotokopi, na tsallaken ofishinmu, ɓarawo na. Katin bankina nik kai mishi, ya kwashe lambobin, ya cinye kuɗɗin da nit tara ma kunnen ubana. Ni tau ya gama da ni. Amma ku duk wanda yat taɓa kai mishi katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, ko takardar hili, shi tambayi kainai ina sauran kofin suke. Ku tai ku amshi abinku tun da rana. Wanda yaj ji shi hwaɗa ma wanda bai ji ba."

Numfashi ɗaya ta yi shi, ko gyara bai nema ba. Ta san inda ta sa wuƙar. Kuɗin Raƙiya ba su dami kowa ba, amma takardar fili ta dami kowa. Ta aika wa rukunin daraktocin makarantu, ta aika wa rukunin mata ma'aikata, ta aika wa na 'yan asalin Takanamat. Sannan ta jawo kujera bakin taga ta zauna.

Ba a yi rabin awa ba ta ga abin ya fara aiki. Wata mata a layi ta kara waya a kunne, ta taɓa ta gabanta, ta miƙa mata. Wani malami ya maida takardunsa cikin jaka ya hau babur. Layin ya yi ta zubewa ta baya, har ya rage mutum uku, su ma don ba su da waya mai intanet ne. Daɗi ya kama Raƙiya, daɗi na gaske, irin na wanda ya sha ruwan randa da tsakar rana.

Waɗanda suka tafi kaɗan ne a kan waɗanda suka zo. Kafin azahar bakin shagon ya cika da babura. Sai a lokacin ta gyara mayafi, ta ɗauki kofin katin mai kyau daga ma'ajinta don shaida, ta tsallaka. Mutane suka buɗe mata hanya.

Sadisu na tsaye ya kare ƙofa da jikinsa, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gan ta sai fuskarsa ta saki, kamar wanda ya ga mai ceto.

"Madam! Alhamdu lillahi. Hwaɗa musu. Wani ya yi muryarki, ko?"

"Muryata ta."

Ya zuba mata ido.

"Ka san wagga?" Ta ɗaga kofin sama don kowa ya gani.

"Na sani. Ni niy yi ta. Kuma na ce miki kada a yi."

"Kun ji ko? Ya san abin da ka ciki tun rannan!"

"Na sani don Abijan na ga an yi ma mutane. Shi ya sa nic ce miki a'a. Madam, ki ji tsoron Allah. Ukku munka yi, ukkun duka nib ba ki ga hannunki. Na ce biyun da sunka lalace ki ƙone su da kanki, kada ki yas. Ba ki tuna ba?"

Wani abu ya ɗan motsa a can ƙasan ranta, kamar an taɓa ƙofa. Ta danne shi. Idanu sun fi hamsin a kanta.

"Ƙarya kake! Guda nit tahi da ita, ga ta nan. Sauran biyun suna ina?"

"Suna ina?" in ji wani daga baya, wasu suka amsa.

Daga nan magana ta fita hannun kowa. Aka ture shi gefe. Aka jawo kwalayen da yake tara lalatattun takardu aka zazzage a ƙasa, kowa ya duƙa yana tonon nasa. Abin haushi ga Sadisu, an samu. Wannan ya ga rabin fuskarsa, waccan ta ga sunan ɗanta a takardar haihuwa da ta fito dishi-dishi. Kowane shagon fotokofi a garin nan yana da irin kwalin nan, kowa ma ya sani, amma yau kowa ya manta. Wani dattijo ya ɗaga wata takarda yana rantsuwa cewa iyakar gonarsa ce. Ba wanda ya ga wanda ya ɗauki dutsen. Ƙara kawai aka ji, gilashin injin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Sadisu bai yi ihu ba. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan tsagar, ya bar shi a nan.

Bayan salla mai ginin, Alhaji Ciɗo, ya iso da kwaɗo a aljihu. Ya ce shi ba ya son fitina a gininsa, ba kuma ya son sunansa a komisariya. Ya ba Sadisu zuwa la'asar ya kwashe kayansa. Raƙiya ta tsaya har ta ji wannan da kunnenta, sannan ta koma ofis. Ta yi alkawarin magariba, ga shi an gama tun la'asar ba ta yi ba. Ta zauna ta cika takardar banki da kyakkyawan rubutunta. Saƙonni suna ta shigowa, ana yi mata jaje, ana yaba mata. Wata ta ce dama ita tun farko idon yaron bai kwanta mata ba.

Sai da aka tashi daga aiki ta tuna ko ruwa ba ta sa a cikinta ba tun safe. Inna Huseina ta dawo ta hura wutar yamma, mai ya fara ƙara a kasko. Raƙiya ta zauna a ɗan bencinta.

"Zuba min masu zahi, Inna."

"To. Ɗiyata, wai mi yaron ga yay yi? Ni dai na ga mutane, na ji hwashewar abu. Kullum shi ka ɗauke min kasko in na gaji."

"Sata yay yi, Inna. Katina na banki."

"Kati kuma? Ya ɗauke shi?"

"Hotonai yaɗ ɗauka." Ganin tsohuwar ba ta gane ba, sai ta zaro kofin ta nuna mata. "Irin wanga."

Inna Huseina ta share hannu a zane, ta matso da ido.

"A'a! Ai na san hoton ga."

"Ina kinka san shi?"

"Cikin takardun da kinka ba ni. Biyu na, ma. Kwana goma ke nan ko sha ɗaya, wata mota ta tsaya nan, masu wucewa Agadas. Wani mutum mai tabarau ya sayi ƙosai, na ƙunsa mishi cikin guda. Ya kai bakin mota sai ya dawo yana dariya. Ya ce, tsohuwa, canza min takarda, wagga ta hi ƙarhin ƙosai. Ya share mata mai da hannun riga, ya ninke ya sa aljihu. Ya ce akwai 'yar'uwarta? Na ce duba. Ya tona ya samu gudar, ya ɗaga ta ga rana, ya ce wagga ba ta karantuwa. Mutumen kirki, har ya ƙara saye."

Ta ɗaga dutsen da take danne takardu da shi, ta zaro ta can ƙasa.

"Ga ta. Baƙinta na ɓata min ƙosai, shi ya sa ban yi aiki da ita ba."

Raƙiya ta karɓa. Na farkon ne, baƙi ƙirin, gefensa ya sha mai. Tana riƙe da shi tana neman hanyar da zai bi ya zo nan daga kwalin Sadisu, don in akwai hanyar nan, to komai na nan daidai. Sai ta juya bayan takardar.

Albasa. Tattasai. Sabulu. Maganin Baba.

Jan bironta ne, da kyakkyawan rubutun nan da duk malaman jihar suka sani.

Ƙofar da ta danne ɗazu ta buɗe gaba ɗaya. Ta ga Sadisu yana ninke takardun biyu, yana sa mata a hannu, har yana rufe mata yatsu a kai. Ta ji kanta tana ce masa to, to, ta ji, tana jefa su a jaka. Raƙiya kuwa ba ta taɓa ƙona takarda mai farin baya ba a rayuwarta. Ta yi lissafin cefane a bayan ɗaya. Ƙarshen wata ya zo, ta zazzage jaka ta yi sadaka.

Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, tun daga wuya har fuska. Tsoro ya biyo baya. Ta tuna rukuni uku, ta tuna mutum hamsin da ta ce "ƙarya kake" a gabansu, ta tuna sufeto, da daraktocin da shekara goma sha tara take mayar musu da dosiye saboda kuskuren harafi ɗaya. Ta ciro salular. Abin da za ta yi ba wuya gare shi: ta danna, ta ce ni ce Raƙiya, ta faɗi abin da ke bayan takardar nan. Ta ɗora yatsa a wurin. Bakin da ya yi magana numfashi ɗaya da safe ya ƙi buɗuwa.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Saƙon murya ne daga ƙanenta Sidi, da ke Abijan.

"Yaya, na ji abin da anka yi miki, wallahi ban iya cin abinci ba. Kada ki damu. Na aika ma duk 'yan Adar na nan, har mutanen Affala sun ji. In ya ce nan za shi gudo, ko tabarmar kwana ba mai ba shi. Ki bar mu da shi."

"Wa na?" in ji Inna, tana juya ƙosai.

"Sidi na. Gaisuwa yaka yi."

Ƙarar ƙafar kura ta sa ta ɗaga kai. Daga tsallaken titi Sadisu ne ke turowa, injin a kai an ɗaure ta da igiya, an rufa mata tsohon zane. Bai ɗauki ɗan dako ba. Tura kura ai sana'arsa ce ta da, ƙafarsa ba ta manta ba. Hanyar tashar Affala ta gaban Inna take bi, ba wata.

Tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Raƙiya ta dubi takardar, ta dubi kurar. In ta miƙe yanzu ta ɗaga hannu, zai tsaya. Alhaji Ciɗo ma bai yi nisa ba, ga shi can yana gwada kwaɗonsa. Taku ashirin. Inna ba ta karatu, mai tabarau kuma ya yi arewa, ba mai sake ganinsa. Taku goma.

Ta sunkuya kamar mai gyara itace, ta tura takardar ƙarƙashin kasko.

Takardar ta sha mai, ba ta yi gardama ba. Wuta ta kama ta ta gefe, ta fara nannaɗewa, baƙin hoton na sama jan rubutun na ƙasa. Kurar ta tsaya.

"Sannu da aiki, Inna," in ji Sadisu.

"Sannu ɗana. Allah shi kyauta."

Bai dubi Raƙiya ba tukuna. Wutar yake kallo. Mutumin da ya yi shekara huɗu da injin nan ya san aikinta ko daga nesa, balle a gabansa. Ya tsaya har kusurwar ƙarshe ta zama toka, sannan ya ɗago. Ba fushi a muryarsa, gajiya ce kawai.

"Sai yau kinka ƙone ta, Madam?"

Ya sa ƙirji ya tura kurarsa ya wuce. Inna Huseina ta zaro wata takardar ofis daga ƙarƙashin dutse, ta ƙunsa ƙosan, ta ɗora wa Raƙiya a cinya ta ce ta ci tun da zafi.